Fuskokin da Malam Hashimu Ya Tsamo Daga Laka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Dagaci. Allah gafarta Malam Liman da sauran malamanmu. Masu unguwanni, dattawa, iyayenmu mata da ke cikin rumfa, Hajiya Tahira mai ɗakin marigayi da 'ya'yansa, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

An ce ni zan yi magana saboda shekara ashirin da shida muka yi da Malam Hashimu muna koyarwa a firamaren garin nan. Ba zan tsawaita ba, domin akwai aikin da ya bari bai ƙarasa ba, a kansa nake so in roƙe ku.

Ya kasance malami mai haƙuri. Ya kasance mutum mai naci, in ya sa abu gaba sai ya ga abin da ya ture wa Buzu naɗi.

Kun tuna daminar da aka kwana uku ana marka, ɗakunan ƙasa suka yi ta zubewa a Unguwar Gabas. Mu muna ta hatsi da awaki, shi kuwa yana bin kango-kango da daro yana tsintar hotuna a cikin laka. Muka yi ta yi masa dariya, har da ni.

Tawa dariyar ba ta yi nisa ba. Hoton mahaifiyata guda ɗaya tak nake da shi, yana cikin kwalla a ƙarƙashin gado tare da wasu hotunan, ruwa ya shiga. Sai na yi abin da kowane ɗan manomi zai yi: na zuba su a tabarma na shanya a rana kamar jiƙaƙƙen gero. Da la'asar suka bushe a manne. Ina ɓamɓarewa, fuskarta ta tafi a bayan wani hoton. Mayafinta na nan, hannunta na nan, fuska babu. Malam Hashimu ya daɗe yana duba shi, sannan ya ce, "Haba Malam Iliyasu, hoto ai ba gero ba ne. Da a jiƙe ka kawo mini." Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Daga ranar ya kasance yana bin gida-gida yana koya wa mutane yadda za su ceci hotunansu. A raba su a cikin ruwa mai tsabta, a shanya a inuwa. A rubuta sunan mutum a baya da fensir. A ɗauka da waya a tura wa ɗan'uwa a Bici ko Rijiyar Zaki, don in na gida ya tafi, na nesa yana nan. Wani ya ce masa wannan aikin marasa aikin yi ne. Ya ce, "Zumunci ne. Jikanka zai tambaye ka da wa yake kama."

Cikin hotunan da ya tsinto, sama da ɗari biyu ya mayar wa masu su. Talatin da ɗaya suka rage, ba a san ko su wane ne ba, kuma ciwo ya kwantar da shi kafin ya gama zagaye.

Hajiya Tahira, mun san waɗannan hotuna sun dame shi har a kan gado. Kin riƙe amana, yau kin sauke, nauyin ya dawo kanmu.

Dattawa, iyayenmu mata, gare ku nake. Hotunan suna can shimfiɗe a zaure. Mu ba mu san mutanen nan ba, ku kaɗai kuka rage da kuka gan su da rai. Don Allah kada kowa ya sa takalminsa sai ya leƙa.

Ɗazu muna jera su, Inna Asama'u ta shigo da sandarta ta ɗauki guda, ta matso da shi dab da idonta. Ta ƙura masa ido. Can ta ce, "Wannan ai Huseina ce, yayata. Shekara hamsin da rasuwarta. Ashe haka hancinta yake, na manta." Ta zauna a ƙasa tana kuka, Khairiyya 'yar marigayi ta rubuta sunan a baya.

Saura talatin.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Malam Hashimu, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalansa haƙuri. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Fatiha.