Furogiram Mai Jiran 'Yan Rakiya

Cittar da Mama ta ajiye don Kirsimeti ita ta sayar ta sa ni a jirgin ƙasa zuwa Legas. A tasha ta ce, "Bulus, in za ka dawo hannu rabbana, kada ka biyo ta kasuwa." Ku daina dariya, yara, da gaske take.

Na sami ɗaki a Mushin, kamar akurki. Mai gidan, wai shi "lanlodi", kullum sai ya ce, "Malam, ka cika ɓarnar ruwa." Na ce, "Baba, sunana Bulus, coci nake zuwa." Ya ce duk wanda ya fito Arewa malam ne. To, na bar shi.

Aikina a wani kamfanin kwamfuta shi ne in ɗauki furogiram a faifai in je in sa wa masu saye. Mai rubuta shi Madam Uche ce, 'yar ma'aikacin reluwe. A nan Kafanchan aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa.

Ran nan na kai furogiram na albashi wata masana'anta a Apapa. A ofishinmu lafiya lau yake aiki, a can kuwa ya ƙi tashi, wai sai an kawo masa "labirari". Ba littafi ko ɗaya a ciki fa, wasu fayiloli ne da furogiram ke aron aiki a wurinsu. Na koma na kawo wannan, ya ce saura wani. Har kwandastan danfo, bas ɗin hayar Legas, ya san ni. Oga, mai kamfaninmu, ya ce, "Ɗan ƙauyen nan ne bai iya ba. Jumma'a ka tattara naka ya naka." Na rasa da wane ido zan dubi Mama.

Madam ta ce in jawo kujera. Ta buɗe layin da ake haɗa furogiram da labirarinsa, ta ce, "Duk sunan da ke nan, sai ya gan shi zai tashi, ko ba ya amfani da shi. Kamar amaryar garinku, ba ta fita sai 'yan rakiya sun cika." Sai ta cire suna ɗaya, ta sake haɗawa, ta gwada, ta cire wani. Na zane ya fita, na sadarwa ya fita. Ina ruwan albashi da zane? Washegari a Apapa, taɓawa ɗaya ya tashi.

Da ta yi shiru, ba mai ganewa har abada. Amma ta shiga wurin Oga, ta bar ƙofa a buɗe.

"Ni na kwafo layin nan daga tsohon aiki ban duba ba. In kora ce, da ni za ka fara."

"Uche, wa ya tambaye ki?"

"Ba kowa. Shi ya sa na zo."

Ban taɓa ganin mutum irinta ba, har yau ina jin ta a raina. Na yi shekaru ina koyo a ƙarƙashinta kafin na dawo na buɗe shagon nan. Da aka haifi babbarku, dangi suka yi ta tsegumi, wai ina ni mutumin Kagoma na samo mata sunan Ibo. To, Uche, yau kin ji.