Lambar Sojan Baban Ladi

Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Ku matso, 'yan'uwa, ku ji abin da Ubangiji ya yi mini da kunnen nan nawa.

Ni ce Maman Ladi ta Samaru. Maigidana tsohon soja ne. Da ya bar soja ya kama gadi a wata ma'aikatar gwamnati. Bara waccan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, baki ya rufe. Mutumin da surutunsa ke hana ni jin rediyo! Yara duk suna nesa. Gida ya yi tsit, sai ni da kaji.

Na je ofis batun fansho. Akawu ya ce, "Mama, shekarunsa na gadi ba su kai ba, sai an haɗa da na soja. Ina takardar sallama?"

Na dawo na buɗe akwatin ƙarfe. Wayyo! Gara ta gama da ita.

Na tafi Jushi wurin Oga Sande, abokinsa tun bariki. Ya ce, "Madam, ko lambarsa ce kawo, a nemo fayil. Soja ba lamba, ai ba a taɓa yinsa ba." To wa zan tambaya? Mai lambar yana kwance yana kallon rufi.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi da Allah. Na daina zuwa zumuntar mata. In an buga ƙofa sai in yi lamo.

Wata ranar Laraba da hantsi na durƙusa gefen gadonsa. Na ce, "Yesu, ban yi boko ba, ba ni da kowa a ofis. Shi ya yi shiru, kai ma shirun za ka yi mini?" Na juya kansa da faɗa: "Kai kuma, Baban Ladi, haka za ka bar ni ni kaɗai?"

Sai na ga hannunsa mai lafiya yana hawa goshi a hankali.

'Yan'uwa! Tun ina amarya, in na fara masa faɗa, sai ya ƙame ya sara mini, ya rero lambarsa da Turanci, ya ce, "Kofur Yohanna na jiran hukunci, ranki ya daɗe!" Ban san ma'anarta ba, amma ta zauna mini a kunne kamar waƙar Lahadi. Nan take ta fito daga bakina, tiryan-tiryan. Hawaye ya gangaro masa.

Na je na rero wa Oga Sande lambar, ya rubuta, aka yi ta sintiri wata da watanni, fayil ya fito. An haɗa masa shekarunsa. Halleluya!

Har yau bai yi magana ba. Gidan shiru ne. Amma kullum da safe in na rero masa lambar, sai ya sara mini. Na gode wa Yesu.

Ku dogara gare shi. Wanda ya ajiye amsar addu'ata cikin wasan miji da mata tun ban roƙa ba, ke 'yar'uwa, kina tsammani ya manta da taki?