Roba Mai Jan Ƙarfe Da Karatuna Na Aji Huɗu

Assalamu alaikum, mai gabatar da wannan shiri. Ni ne Sale mai gyaran babur, daga Zango.

Bayan maiɗakina ta yi haihuwa ta shida, likita ya ce ta huta. Allurar tazarar haihuwa kuwa ciwon kai take sa mata kullum. Sai ta dawo daga asibiti ta ce, "Malam, an ce akwai robar mahaifa mai jan ƙarfe, babu sinadarin allura a cikinta."

Ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu, da na ji "jan ƙarfe" sai na ɗauka maganaɗisu ne mai janyo ƙarfe. Na ce ban yarda ba, gidana cike yake da sifana da kusoshi. Wata uku tana fama da ciwon kai saboda wannan ilimi nawa.

Da na raka ta asibiti, malamar jinya ta ce, "Baba, ja na launi ake nufi, wato tagulla."

An sa mata, ciwon kai ya tafi, amma jinin al'adarta ya ƙaru. Don Allah a tambayar mana likitan shirin, zai ragu ko mu koma asibiti? Na daina yanke hukunci da kaina.