Keken da Bai Taɓa Isowa Argungu Ba

'Yan'uwa ƙaunatattu, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda yake jin kukan tsoho kamar yadda yake jin na jariri.

Yawancinku kun san ni. Na koyar a Argungu har na yi ritaya, waɗansunku ma sun sha bulalata saboda makara. 'Yan mishan da suka rene ni sun koya mini cewa abin da za a yi, a yi shi daidai, ko kuwa a bar shi.

Sa'ad da ɓarin jikin matata Rifkatu ya shanye, abu ɗaya ta roƙa: a kai ta sujada. Mama Ladi, Uwar Zumuntar Mata, ta zo ta ce, "Baba, kujerar nan ta falo ta isa. Mu ɗora ta a kai mu ɗauke ta, ai coci ba nisa."

Na ce, "Matata ba buhun shinkafa ba ce da za a ratsa unguwa da ita a kafaɗa. A kan keken guragu za ta shiga gidan Allah, da mutuncinta."

Ranar da na je Birnin Kebbi karɓar fansho, na shiga wani shagon intanet a Badariya, mai shagon ya buɗe mini shafin da mutane ke tallar kayansu. Nan na ga keken guragu mai batir. Mai keken ya rubuto cewa shi mai bi ne a ƙasar waje, mahaifiyarsa ce ta rasu ta bar keken, kuɗin jirgin ruwa kaɗai zan biya. Na ce Allah ya amsa! Na je banki na tura daga garatutina, kuɗin sallamata daga aiki. Aka aiko mini da hoton akwati da sunana a jikinsa.

Na dawo gida na sa birkila ya faɗaɗa ƙofar ɗakinmu, ya rushe matakala, ya zuba gangara ta siminti daidai da awon da ke cikin tallar. Da ta karkace kaɗan, na sa ya fasa ya sake.

Kowace Lahadi Rifkatu takan sa a ɗaura mata zanen Zumunta, ta dube ni, ta tambaye ni da harshenta mai nauyi. "Malam, ya iso?"

"Yana kan teku," nake ce mata.

Sai wani ya kira ni a waya, ya ce shi wakilin kamfanin jigila ne a Legas, akwatina ya sauka, amma sai an biya kwastan. Na tura. Ya ce inshora. Na tura. Ya ce gobe direba zai taso. Na riƙa zarya tashar mota a Birnin Kebbi ina leƙa bayan kowace mota, har 'yan kamasho suka sa mini suna. Da sun hango ni sai su ce, "Baba mai keke, yau ma bai zo ba!"

Abinci ya daina shiga bakina. Rifkatu tana ramewa a gabana, bayanta ya fara gyambo don kwanciya. Wayyo, 'yan'uwa! Ina wucewa ta kan gangarar nan kamar mai taka kabari.

Mutumin ya sake kira. Ya ce in ban biya kuɗin ajiya ba, za a yi gwanjon keken. Ba ni da sauran komai sai fadamar shinkafar da muke ci daga gare ta. Na tafi wurin maƙwabcin gonata, Alhaji Garba, na ce ya saya.

Ya daɗe yana kallona. "Malam, mi ya yi zahi? Wagga fadama ita ka ciyar da ku. Ni dai ba ni sayen ta yau. Tahi ka kwana da magana. In ka dawo gobe, to."

Na tafi ina fushi da shi.

Washegari, wajen addu'ar safe, na durƙusa a gefen gadonta. Ni da nake gyara wa dattawa addu'a, na rasa kalma. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ya Ubangiji, na ƙare! Ka cece ni!"

Sai na ji muryar Rifkatu, a hankali, tana jan kowace kalma: "Uba, ka kai ni gidanka in ji waƙa tun ina da rai. Ko a kan tabarma ce."

Ko a kan tabarma! Ba ta taɓa roƙon keke ba. Kamar an yaye mini mayafi daga ido.

Na tashi na kira mutumin. Na ce, "Zan zo Legas da kaina, kuɗin a hannuna. Ka nuna mini akwatin, in biya." Wanda kullum yake kirana Baba ya fara tsawa, ya zage ni, ya kashe waya. Lambar ba ta sake shiga ba har yau.

Ban koma wurin Alhaji Garba ba sai don godiya. Daga can na wuce gidan Mama Ladi, na cire hulata a ƙofarta. Ta saurare ni har na gama, ta share hawayenta, sa'an nan ta ce, "To Baba, yaushe za mu zo ɗaukar buhun shinkafar?"

Ranar Lahadi matan Zumunta suka zo. Suka ɗora ta a kujerar falo, suka sauko da ita ta gangarar da na gina wa keken, suna waƙa har ƙofar coci. Na bi su a baya riƙe da takalmanta. Mun makara, ban kuwa ce uffan ba. Ga ta can a layin gaba, kun ji ta ɗazu tana rerawa da rabin bakinta.

Garatutina bai dawo ba. Amma fadama tana nan, matata kuma tana gidan Ubanta. Yabo ya tabbata ga Allah!

Ina roƙonku, kada ku tura kuɗi don abin da idonku bai gani ba, ko da mai shi ya ambaci sunan Yesu. Ku dogara ga Ubangiji, ku kuma karɓi taimakon da ya aiko, ko da kujerar falo ce. Amin.