Akanta Na Ce, Ba Akawu Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Hadiza ce daga Zango.

Da na cike takardar shiga jami'a, karatun akanta na zaɓa. Baba yana ji ya ɓata rai, ya ce, "Shekara huɗu don ki zama akawu? Ai akawun kotun Shari'armu firamare kawai ya gama."

Na ce, "Baba, akanta na ce. Shi ne wanda in ya shigo bincike, akawu ke miƙewa tsaye."

Sannan ya sa mini albarka.

Takardata ta tafi, kuma ba zan canza ba. Ina gaida ƙawata Binta ta Mashi. Masu sauraro, ku ba ni shawara: yaya zan hana Baba kirana Akawu a gaban baƙi?