Ba Zan Dangwala Yatsa a Kan Ƙarya Ba

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa.

Ina sheƙar shinkafa a wani injin casa a hanyar Kwandere. Mun roƙi manaja takunkumi saboda ƙaiƙayi na sa mu tari, washegari muka tarar da kwaɗo a get. Manaja ya ce wai mai son komawa sai ta dangwala yatsa a takarda cewa yajin aiki muka yi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai yajin aiki shi ke ƙin zuwa. Mu mun zo, kai ka kulle mu waje."

Da aikin nan nake ciyar da 'ya'yana, amma yatsan nan zai yi shaida gobe kiyama. Ba zan dangwala ba.

Ina gaida matan bakin get. Gobe ma ƙarfe bakwai, in sha Allahu.

Hajara, Lafia