Allurar Ƙarfe Bakwai

A bencin jira na ofishin kotu, wata dattijuwa ta leƙa takardar matar da ke gefenta.

"'Yata, takardar rabuwa ce wannan?"

"Ita ce, Mama."

"Wancan da ya kawo miki ruwa fa?"

"Shi ne mijin."

"Ikon Allah! Ba faɗa?"

"Ko kaɗan. Gida nasa, mota tawa, yara mako a wurina, mako a wurinsa. Mahaifiyarsa ce kaɗai ta gagare mu. Tana da ciwon sukari, shekara shida ni nake mata allura kullum da safe. Shi ko ganin allura ba ya iyawa."

"An gaya mata?"

"Jiya. Ta ce can tsakaninmu, ita dai ƙarfe bakwai tana jirana. 'Yan'uwana kuwa sun ce zubar da mutunci ne."

"Gaskiyarsu. Ki bari ya nemo ma'aikaciyar jinya."

"Ba za ta yarda da hannun baƙuwa ba. Kuma gidan da na kama a bayan layinsu yake."

"Yaushe kika kama shi?"

Matar ta yi dariya.

"Tun watan jiya."

"Ashe ke ma ba shawara kike nema ba."